Kwamfuta a gajimare, ofis a ƙasa: ta ina hanya take?

Duk wanda ya taɓa tayar da kwamfuta a gajimare, wato ya yi hayarta ta intanet a cibiyar wani kamfani, ya gamu da wannan abin mamaki. Ka shiga shafin kamfanin, ka zaɓi girman ƙwaƙwalwa da ma'aji, ka danna, cikin minti biyu a ce maka ta tashi. Ka leƙa cikinta ta tagar da kamfanin ya ba ka, ka ga tana sauke manhaja daga intanet lafiya lau. Sai ka koma kan kwamfutar teburinka ta ofis, ka kwafi adireshin da aka rubuta mata, a ce 10.0.1.25, ka buga mata ping, wato ɗan saƙon gwaji don jin ko za ta amsa. Shiru. Ka sake bugawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ita tana fita ta ga duniya, kai da ka biya kuɗinta ba ka da hanyar kai mata.

Babu abin da ya lalace, da gangan aka gina abin a haka. Wanda bai gane dalilin ba shi ne za ka ga yana buɗe ƙofofin tsaro ɗaya bayan ɗaya yana neman sa'a, har ya wayi gari ya bar sabar kamfani a buɗe ga kowa, kuma ping ɗin bai amsa ba.

Irin wannan kwamfuta, wadda ake kira VM, ba akwati ba ce da za ka taɓa da hannu. Wata babbar saba ce a cibiyar adana bayanai aka ɗora wa manhajar da ke yanka ta gida-gida, irin su KVM, wadda ta shiga cikin Linux tun 2007, ko Xen, ko ESXi na VMware, ko Hyper-V na Microsoft. Kowane yanki yana jin kansa cikakkiyar kwamfuta, har da katin netwok nasa mai lambar MAC, wato lambar shaidar katin. Sai dai katin nan ba shi da ramin da za a soka waya. A cikin manhaja yake, kuma a jikin wani suwic na manhaja, wato mahaɗar da ke haɗa na'urorin netwok ɗaya, aka jona shi, cikin sabar da ke goye da shi. Duk abin da ya fito daga VM a kan wannan suwic yake fara sauka. Ko zai wuce nan ya taka wayar gaske, wannan hukuncin mai sabar ne.

A gajimaren haya akwai wani rufin a kan wannan. Saba ɗaya tana iya ɗauke da kwamfutar banki da ta ɗalibi da ta ɗan damfara, dole a raba su. Tsohuwar dabarar rabawa ita ce VLAN, inda ake manna wa kowane ƙunshin bayanai lamba. Gurbin lambar bit 12 ne kacal, netwok 4,094 ke nan, wanda ba zai ishi kamfani mai dubban kwastomomi ba. Shi ya sa aka koma naɗe ƙunshin kwastoma ɗungurungum a cikin wani ƙunshin. VXLAN, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2014, yana da gurbin bit 24, netwok sama da miliyan 16. Manyan kamfanoni suna da nasu salon naɗin, amma tunanin ɗaya ne: suwic da rauta na gaske da ke cikin cibiyar ba su ma san adireshin VM ɗinka ba. Abin da suke gani kawai saba kaza tana aika wa saba kaza ƙunshi. Rauta ita ce na'urar da ke zaɓar wa ƙunshi hanya daga wannan netwok zuwa wancan. To idan na'urar da ke ɗaki ɗaya da sabar ba ta san 10.0.1.25 ba, ina ga rautar ofishinka a Kano ko Damagaram?

Shi kansa adireshin ba na fita ba ne. Adiresoshin IPv4 duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun da wuri aka hango za su ƙare. A 1996 takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku domin amfanin cikin gida: duk abin da ya fara da 10, sai daga 172.16 zuwa 172.31, sai 192.168. Kowa na iya ɗauka ba sai ya nemi izini ba, bisa sharaɗin ba a kai su kan intanet. Rautar kamfanin sadarwa idan ta ga ƙunshi mai nufin 10.0.1.25 ba ta da inda za ta kai shi, domin na'urorin da ke amsa wannan lamba a duniya ba su ƙirguwa.

Fitar da VM ke yi kuwa ta hanyar NAT ce, wato musanya adireshin cikin gida da na waje a bakin ƙofa. Ka ɗauki gidan haya mai ɗaki arba'in, lamba ɗaya gare shi a bakin titi, ga dattijo zaune a zaure. Mai ɗaki na bakwai ya ba da saƙo a kai waje, dattijo ya rubuta lambar gidan a kai, ya riƙe a ransa cewa amsar ta ɗaki na bakwai ce, da ta zo ya miƙa. Baƙon da ya sani "ɗaki na bakwai" kawai ba zai taɓa gano gidan ba. Wanda ya gano gidan ma, tun da babu wanda ya aika masa daga ciki, a zaure za a sallame shi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, kai wa VM aiki ne na hanya biyu. Ƙunshi yana buƙatar wanda zai nuna masa hanyar zuwa a kowace mararraba, amsarsa ma tana buƙatar wanda zai nuna mata hanyar dawowa, kuma jadawalin da ke yin na farko ba shi ne ke yin na biyu ba. Yawancin ranakun da ake ɓatawa a wannan aiki, a kan mantuwa da hanyar dawowa ake ɓata su.

Idan sabar taka ce

Mafi sauƙin lamarin shi ne a ce sabar tana ɗakinku, kuna iya taɓa ta. Wanda ya girka KVM da libvirt zai ga VM ɗinsa ta samu adireshi mai farawa da 192.168.122, VirtualBox kuma 10.0.2.15 yake ba kowa. Duka biyun NAT ne. Maganin shi ne gada: a haɗa katin netwok na gaske da suwic ɗin manhaja su zama abu ɗaya, yawanci a sa masa suna br0, a mayar da adireshin sabar kan gadar. Daga nan VM ta zama kamar kowace kwamfuta da aka jona a suwic ɗin ofis, rautar ofis ce ma za ta ba ta adireshi. Proxmox da gadarsa yake zuwa, mai suna vmbr0, wanda yana cikin dalilan da ƙananan ofisoshi ke son sa. Shawara ɗaya: kada a yi wannan sauyi daga nesa ta SSH, hanyar shiga saba daga wata kwamfuta, sai da wani a kusa da sabar, domin a tsakiyar aikin layin da kake kai yake yankewa.

Abu biyu ke hana gada aiki. Na farko Wi-Fi. Na'urar da ke raba Wi-Fi ba ta karɓar ƙunshi daga lambar MAC da ba ta yi rajista da ita ba, don haka gadar da ke aiki sarai a kan waya takan mutu a kan iska. Na biyu suwic ɗin ofis, idan irin mai wayo ne. Wasu an saita su kada su yarda da MAC fiye da ɗaya a rami guda, ga shi sabarka ta zo da goma. Idan kuma da VLAN ake aiki, ramin da sabar ke ciki dole a buɗe shi ya ɗauki lambobi da yawa, kuma lambar da aka rubuta a manhaja ta yi daidai da ta jikin suwic. Wannan magana ce tsakanin mai saba da mai netwok, kuma a wurare da dama mutum biyu ne da ba sa shan shayi tare.

Jami'a ko ma'aikatar da ta gina nata gajimaren da OpenStack, wanda NASA da Rackspace suka fara a 2010, tana da zaɓi fiye da haka. Sashen da ke kula da netwok, Neutron, yana iya jona VM kai-tsaye a kan VLAN na gaske, ta ɗauki adireshi daga netwok ɗin ma'aikata. Babu NAT, babu naɗi, abin ya fi sauri kuma ya fi sauƙin bincike idan ya ɓaci. Illarsa kowane sabon netwok sai an nemi mai suwic. Ko kuma a bar kowane sashe ya gina netwok ɗinsa a naɗe cikin VXLAN ko Geneve, a sa masa rautar manhaja mai ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. VM ɗin da ake so a kai mata daga waje sai a manna mata adireshi mai yawo, wanda ake iya cirewa daga wannan VM a mayar wa waccan. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne, idan ya leƙa cikin VM ba zai ga wannan adireshi ba sam. A kan rautar manhaja yake zaune, can ake musanya shi da na ciki. Akwai hanya ta uku da ba a cika tunawa da ita ba: a kashe NAT a rautar manhaja, a je kan rautar gaske a rubuta layi ɗaya cewa duk mai neman 10.0.1.0/24, wato adiresoshin da suka fara da 10.0.1, ya bi ta ƙafar waje ta rautar manhajar. A cikin harabar ma'aikata ɗaya, ni wannan na fi so, domin kowace na'ura da sunanta na gaskiya take bayyana a rajistar shige da fice.

Idan sabar ta wani ce, a wata ƙasa

A AWS ko Azure ko Google Cloud babu zancen gada, ba ka da wayar da za ka haɗa. Amazon ya fara hayar VM a 2006, ya kawo keɓaɓɓen netwok na kwastoma mai suna VPC a 2009, kuma a yau ƙofofin shiga uku ne.

Ta farko a ba VM adireshin jama'a. Kuɗinsa ba wani abu ba ne: tun Fabrairun 2024 AWS ke karɓar dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshin IPv4, kusan dala 44 a shekara. Tsadarsa a wani wuri take. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai zagaye adiresoshin duniya suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22 da ta 3389, waɗanda ake shiga saba daga nesa ta cikinsu, suna gwada kalmomin sirri. Ta ƙofa ta 445 WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ya bazu a Mayun 2017. Ga shafin intanet da dama don jama'a aka yi shi, adireshin jama'a daidai ne. Ga rumbun bayanan albashi ko na marasa lafiya, rubuta 0.0.0.0/0, wato kowa ya shigo, a dokar shiga ganganci ne, ko da an ce na kwana biyu ne kafin a gama gwaji. Na kwana biyun nan shi ke shekara.

Ta biyu ita ce wadda yawancin ofisoshi ke buƙata: bututun VPN, wato hanya a kulle da ke bi ta cikin intanet, tsakanin rautar ofis da gajimare. A nan ya kamata mu zauna mu bi ƙunshi ɗaya sawu da ƙafa.

A ce ofis yana amfani da 192.168.10.0/24, gajimare kuma 10.0.0.0/16, wato duk abin da ya fara da 10.0. Kwamfutar kashiya, 192.168.10.40, tana neman manhajar lissafi a 10.0.1.25. Ta duba ta ga adireshin ba na unguwarsu ba ne, ta miƙa wa rauta a 192.168.10.1. Rauta ta duba jadawalinta. Idan babu layin da ya ce 10.0.0.0/16 ta bututu ake binsa, sai ta tura shi inda take tura duk abin da ba ta sani ba, wato kamfanin sadarwa, nan ya mutu. Idan akwai layin, ta kulle ƙunshin da makullin sirri, ta naɗe shi cikin wani mai adireshin jama'a, ta aika. A can ƙofar VPN ta gajimare ta warware, ta miƙa ciki. Katangar tsaro da ke gaban VM ta tambaya ko an yarda 192.168.10.0/24 su shigo. A AWS da OpenStack, sabuwar katanga ba ta barin komai daga waje ya shigo, har ping. Bayan ita akwai katangar da ke cikin VM ɗin kanta, kuma Windows a yadda yake zuwa ba ya amsa ping.

A ce duk an tsallake, ƙunshi ya isa. VM ta shirya amsa zuwa 192.168.10.40. Yanzu jadawalin hanya na ɓangaren gajimare ne ke da magana, kuma shi bai taɓa jin labarin ofishinka ba. Idan ba a rubuta masa cewa 192.168.10.0/24 ta ƙofar VPN ake binsa ba, ko ba a kunna masa koyon hanyoyi da kansa daga ƙofar ba, sai ya tura amsar ta ƙofar intanet, ta ɓata. Abin haushin shi ne a wannan lokaci shafin AWS yana nuna bututu a tsaye, rautar ofis ma tana nuna kore. Kowa na rantsuwa ɓangarensa lafiya, kuma kowa gaskiya yake faɗi. Abin da ke raba gardama shi ne tcpdump, manhajar da ke nuna ƙunshin da ke shiga da fita, a cikin VM. Ka sa wani ya riƙa buga ping daga ofis kana kallo. Idan babu abin da ke shigowa, matsalar hanyar zuwa ce ko katangar waje. Idan yana shigowa babu amsa, katangar ciki ce. Idan kana ganin tambaya tana shigowa amsa tana fita amma ofis shiru, to ka bar taɓa VPN, ka je jadawalin dawowa.

Masu tsimi sukan ƙi ƙofar VPN ta kamfani, su tayar da ƙaramar VM su sa mata manhajar VPN mai suna WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, ya shiga cikin Linux a 2020. Dabara ce mai kyau, fayil ɗin saitinsa bai fi layi goma sha ba. Sai dai VM ɗin da za ta zama rauta tana buƙatar izini biyu. Linux sai an kunna masa tura ƙunshin da ba nasa ba. Gajimaren ma yana da dokar jefar da duk ƙunshin da ya fito daga VM da adireshin da ba nata ba, don hana sojan gona. A AWS sai an kashe binciken mafari da makoma a kan katinta, a OpenStack sai an lissafa adiresoshin da aka yarda ta ɗauka. A ofis kuma, idan akwatin WireGuard ba shi ne babbar rauta ba, sai an gaya wa babbar rautar ta riƙa miƙa masa duk abin da ya nufi 10.0.0.0/16.

Ga inda abin ya fi shafarmu. Littattafan koyarwa suna ɗauka ofis yana da adireshin jama'a tsayayye. Ofishin da ke kan rautar SIM, ko kan Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a tsarin da aka fi saya, galibi ba shi da shi. Tun da rumbun adiresoshin IPv4 na IANA, hukumar da ke rabon su, ya ƙare a Fabrairun 2011, kamfanonin sadarwa suka yawaita tara kwastomomi da yawa bayan adireshi ɗaya, har aka ware musu rukunin 100.64.0.0/10 a 2012 domin wannan aiki. Gwajin mai sauƙi ne: duba adireshin da rautarka ta ce ta samu daga waje, ka kwatanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. Idan sun bambanta, akwai wani NAT a samanka wanda ba ka da iko da shi. Sakamakon haka biyu ne. Dabarar "a bar adireshin ofis kaɗai ya shigo" ba za ta yi ba, domin adireshin na canzawa kuma kuna raba shi da mutanen da ba ka sani ba. Sannan gajimare ba zai iya fara kiran ofis ba, dole ofis ne zai fara, ya kuma riƙa tura ɗan ƙunshi lokaci-lokaci don kada kamfanin sadarwa ya manta da layin. A WireGuard daƙiƙa 25 aka saba sawa. Irin su Tailscale da ZeroTier a kan wannan matsala suka gina kasuwarsu. Wanda kuma ya nace sai IPsec, wato VPN na kamfani, a tsarinsa na yau da kullum, ya shirya biyan kuɗin adireshi tsayayye.

Akwai ciwon da ya fi wannan wuyar magani, kuma tun ranar farko ake ɗaukarsa. Idan ofis da gajimare suka yi tarayya a rukunin adireshi ɗaya, babu bututun da zai yi aiki, domin kwamfutar kashiya za ta ɗauka 192.168.1.25 maƙwabciyarta ce, ba za ta ma miƙa wa rauta ba. Rautocin kasuwa kusan duka da 192.168.0 ko 192.168.1 suke zuwa, na Huawei da yawa da 192.168.8. VPC ɗin da AWS ke ba kowa kyauta 172.31 ne, Docker kuma 172.17 yake kamawa ba tare da ya tambayi kowa ba. Kamfani mai rassa huɗu da kowanne aka sayo rauta aka jona yadda ta zo, rassa huɗu ke nan masu lamba ɗaya. Kuma a AWS ba a canza babban rukunin VPC bayan an ƙirƙira, sai dai a ƙara wani ko a rushe a sake. Sauya lambobin ofis da ke aiki kuwa sai wanda ya yi ya san wahalarsa: firinta da aka rubuta wa adireshi da hannu shekaru da suka wuce, na'urar ɗaukar zanen yatsa, kyamarori, duk sai an bi su ɗaya-ɗaya. Ana iya rufe matsalar da wani NAT a cikin bututu, amma wanda zai gaje ka ba zai yi maka addu'a ba. Takarda ɗaya kafin a sayi komai ta wadatar: gajimare 10.0, babban ofis 10.10, reshen Kaduna 10.20, na Maraɗi 10.30, a bar gurbi ga waɗanda ba a buɗe ba tukuna.

Sai wata cuta mai kama da sihiri. Ping yana amsawa, SSH yana shiga, amma shafi ya buɗe rabi ya tsaya, kwafin babban fayil ya daskare. Girman ƙunshi ne. Wayar Ethernet bait 1,500 take ɗauka a ƙunshi ɗaya, kuma kowane naɗi yana cin nasa kaso: VXLAN yana cin 50 ya bar 1,450, WireGuard yakan tsaya a 1,420. Ƙananan ƙunshi suna wucewa, manya suna maƙalewa. A ƙa'ida rautar da ta kasa wucewa da ƙunshi tana aika saƙon ICMP ta ce a rage, amma masu tsaro da yawa suna toshe ICMP baki ɗaya, saƙon bai isa ba. A Linux, ping -M do -s 1472 zai nuna ko cikakken ƙunshi yana wucewa. A riƙa rage lambar har ya amsa, sannan a saita rautar ta riƙa tilasta wa TCP, ƙa'idar da shafuka da kwafin fayil ke bi, girman da zai wuce.

Sunaye ma suna da nasu. Ma'aikaci ba lamba yake bugawa ba, suna yake bugawa, kuma mai fassara sunaye na cikin VPC, wanda a misalinmu ke zaune a 10.0.0.2, ba ya amsa tambayar da ta zo daga ofis ta bututu. Sai an kafa masa wakili a ciki, an nuna wa DNS na ofis, wato nasa mai fassara sunaye, ya riƙa tura tambayoyin can.

Ƙofa ta uku ta masu hali ce: keɓaɓɓen layi, Direct Connect na AWS tun 2011, ExpressRoute na Microsoft tun 2014, Cloud Interconnect na Google. Ana haɗuwa da kamfanin a wata cibiya, rautoci biyu su riƙa sanar da juna hanyoyi ta BGP, babu sauran rubuta jadawali da hannu. Layin ba ya bi ta intanet, amma kada a ɗauka a kulle yake, sai an ƙara makullin sirri a kai. Ga wanda ke Arewa, hayar fayiba daga garinsa zuwa wurin haɗuwar tana cikin lissafi.

Ko wace ƙofa aka bi, nisa yana nan. Haske a cikin fayiba kusan kilomita 200,000 yake ci a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 milidaƙiƙa 10 ne zuwa da dawowa. Wayar Glo-1 daga Legas zuwa Ingila kilomita 9,800 ce, kusan milidaƙiƙa 100 ke nan kafin a lissafa tafiyar cikin ƙasa. Shafin intanet ba zai damu ba. Tsohuwar manhajar lissafi da aka rubuta don saba a ɗaki na gaba, wadda ke yi wa rumbu tambaya 500 ɗaya bayan ɗaya kafin ta buɗe rahoto, za ta ɗauki daƙiƙa 50, kuma ƙarin data ba zai rage ko ɗaya ba. Maganinta a ɗora ita kanta manhajar a gajimare kusa da rumbunta, ma'aikaci ya riƙa leƙa allon daga nesa. Cibiyoyin da ke Afirka sun ƙaru: Microsoft ya buɗe a Afirka ta Kudu a 2019, AWS a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, AWS kuma ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023. Kusa a taswira ba lallai kusa a waya ba, a auna kafin a zaɓa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka yanke a teku, bankuna da ofisoshi a Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu. AWS yana ba kowane haɗin VPN bututu biyu, mutane da yawa ɗaya suke saitawa. Ko an saita biyun ma, idan ta kamfanin sadarwa ɗaya suke fita, rana ɗaya za su faɗi.

Wasu kan nemi a miƙe netwok ɗin ofis har cikin gajimare, VM ta ɗauki 192.168.10.50 kamar tana ɗakin, saboda wata tsohuwar na'ura da ke neman sabarta ta hanyar yin shela ga kowa. Manyan gajimare ba sa ɗaukar shela a netwok ɗinsu. Ana iya ƙirƙiro ta da naɗi a kan naɗi, amma ya fi sauƙi a buɗe saitin na'urar a rubuta mata adireshin sabar da hannu.

IPv6, sabon tsarin adireshi, yana kawar da rabin abin da ke sama. AWS yana ba VPC rukunin /56, kowace VM ta samu adireshin da babu mai irinsa a duniya, ba NAT, ba karo da lambar reshe. Sharaɗin shi ne kamfanin sadarwar ofis ya ba da IPv6 shi ma, kuma a tambaye su kafin a gina komai a kansa. Sannan tun da babu NAT da ke ɓoye VM, katangar tsaro ita kaɗai ta rage, kuma dokokinta na IPv6 daban ake rubuta su. Wanda ya ƙuntata dokokin IPv4 ya bar ::/0, wato kowa ya shigo ta IPv6, a kan ƙofa ta 22, sabarsa a buɗe take.